Jirgi a loko yake kwana

Kakana, Allah ya jiƙansa, mutumin Adar ne. Kamar sauran samarin zamaninsa, da an kai gero rumbu sai ya ɗaura ƙunshinsa ya nausa kudu cin rani. Ta Kwanni yake bi ya tsallaka, yana yada zango yana tashi, har Ƙauran Namoda, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a 1929. Rani uku ya yi a can yana lodin kwal. Muna yara a Tawa, mu da ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba, in mun dame shi da tambayar yadda tasha take, sai ya girgiza kai ya ce: "Jikokina, tasha ta fasinja ce da masu tallan ƙosai. Jirgi a loko yake kwana."

Loko shi ne rumfar da ake shigar da kan jirgi a yi masa hidima. Yadda ya ba mu labari, in jirgi ya iso da la'asar sai a kwance kan daga taragai a ja shi bisa wani dogon rami. Wasu su shiga ƙarƙashi su kwashe toka, wasu su cika shi da ruwa daga tanki, su kuma lebura su yi ta jido da kwanduna, suna zuba kwal ɗin da aka haƙo tun daga Inugu. Ba a barin wutar ta mutu. Akwai mai kwana a gindinta yana ƙara mata kwal kaɗan-kaɗan, domin tukunyar da ta huce sai an ɓata sa'o'i kafin ta sake yin tururi. Lokaci-lokaci a buɗe tukunyar a wanke, saboda ruwa na barin farin ƙanzo a cikinta irin wanda yake bari a butar shayi. Wanda ya fi burge kakana wani dattijo ne mai guduma mai dogon ƙota, da ke bin ƙafafun taragai yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Ƙafar da ta tsage muryarta daban ce, kamar yadda mace ke gane tsagaggiyar tukunya a kasuwa da ɗan yatsa. In ya ce wannan tarago ba ya tafiya, to ko Bature bai isa ya ce ya tafi ba.

A kewayen irin wannan rumfa gari ke tsirowa. Ma'aikata na son ɗakin kwana da mai tuwo da tela, yaran gari na leƙe har su koyi riƙon sifana, fatake na kawo gyaɗa da auduga da fatu saboda sun tabbata jirgi zai tashi. Haka Ƙaura ta cika, haka Nguru bayan 1930, haka Kafanchan. Da injin dizal ya zo, wanda ba ya shan ruwa a kowace tasha kuma ba ya barin toka, ƙananan loko suka fara mutuwa, daga baya kwalta da manyan motoci suka ƙarasa sauran.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon zance shi ne tashar jirgin ƙasa ta Yamai. Ranar 7 ga Afrilun 2014 shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe ta, tare da Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo da attajirin Faransa Vincent Bolloré, wanda kamfaninsa ke aikin dogon. Ina cikin waɗanda suka yi murna ranar, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ƙasar da aka yi wa alkawarin dogo tun zamanin Turawa dole ta yi guɗa. Layin Kwatano ya iso Parakou, cikin Benin, a 1936 ya tsaya cik. Wanda ya taso daga Abidjan, mai sunan Neja a jikinsa, ya kai Wagadugu a 1954 bai ƙaraso mu ba. A 1959 aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta OCDN (daga baya OCBN) tsakanin Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, muka zama masu rabo a jirgin da ba ya taka ƙasarmu: kaya su zo Parakou a tarago, a sauke, a ɗora wa manyan motoci su biyo ta Malanville da Gaya.

To amma jirgin da aka yi wa guɗa a 2014 bisa bayan mota ya shigo Yamai, don babu dogon da zai biyo. A watan Janairun 2016 aka ƙaddamar da kilomita 143 zuwa Doso. Daga Doso zuwa Parakou kuwa akwai fiye da kilomita 400 da ba a shimfiɗa ko taku ɗaya ba. Sai shari'a ta shigo: ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou ya ce shi ke da haƙƙin aikin a ɓangarensu, kotun ƙolin ƙasar ta ba shi gaskiya a 2017, aiki ya tsaya. Babu buhun albasa ɗaya na Galmi, babu kwantena ɗaya da ta bi wannan layi zuwa teku.

Ana yawan ɗora laifin kacokan a kan shari'ar. Ni ina ganin tun kafin a je kotu mun riga mun sa wa doki linzami ta wutsiya. Mun fara da abin da ake ɗauka hoto, muka bar abin da ke sa jirgi ya tashi gobe da jibi. Dogo a ƙasar Sahel kullum yana bukatar hannu: rairayi na rufe shi, ruwan damina na zaizaye ƙarƙashinsa, zafin bazara na sa ƙarfe ya miƙe har ya karkace. Sai da ayarin mutane masu bin sa a ƙasa kowace safiya, da ma'ajiyar kayan gyara, da makanikai da aka horar shekara da shekaru. Wannan aiki ba a yanka masa ƙyalle, ba a gayyato masa shugabannin maƙwabta, shi ya sa ba ya shiga jawabi. Amma inda babu shi, ko an haɗe layin da teku, damina biyu ta isa ta mayar da shi kufai.

Wani abokina da muke shan shayi a fada ya ce mini: "Malam, da babu gara ba daɗi. Ai sai an fara daga wani wuri." Ya yi gaskiya a rabin maganar. Sai dai wurin da aka fara yana da muhimmanci. Layin da ya fara daga bakin teku, kowace kilomita da aka ƙara tana kawo kuɗi tun ranar farko, kuma ita ke ɗauko ƙarfen kilomita ta gaba. Wanda ya fara daga tsakiyar tudu sai an gama shi duka kafin ya ci moriyar komai. Rufe gadar Gaya, ta kan iyakarmu da Benin, bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara nuna mana haɗarin rataya wuyan ƙasa a kan ƙofa ɗaya.

Yanzu ga wata dama tana tahowa daga kudu. A watan Fabrairun 2021 shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na Portugal ke aikin. Maraɗi ce ƙarshen layi, wato matsayin da Ƙauran Namoda ta riƙe a zamanin kakana. Ƙarshen layi nan ne jirgi ke kwana, nan ake duba shi kafin ya juya. Tambayar da nake son magabatanmu su riƙe ita ce: wa zai duba shi? In ba a shirya tun yau ba, duk wani mai riƙe sifana daga Kano za a kawo shi, 'ya'yanmu kuma su tsaya a dako da gadi, aikin da kakana ya yi shekaru aru-aru da suka wuce.

Za a ce ai Najeriya ke biyan kuɗin, kuma rabonmu na layin gajere ne, mai kuɗi shi ke da ta cewa. Haka ne. Amma filin namu ne, kuma kayan da za su cika taragan, shanu da wake da albasa da aya, daga gonakinmu da garkunanmu za su fito. Wannan ya isa a zauna a yi ciniki. Akwai jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, akwai makarantar EMIG a Yamai mai horar da injiniyoyi, akwai ɗaruruwan matasa a garejin manyan motoci waɗanda ke kwance injin dizal su mayar da shi ba tare da littafi ba. A zaɓo daga cikinsu a tura su inda jirgi ke aiki yanzu, layin Abuja zuwa Kaduna ko Legas zuwa Ibadan, su yi shekara biyu suna koyo.

Sannan a daidaita maganar faɗin layi kafin a sake zuba ko ƙarfe ɗaya. Na Yamai zuwa Doso faɗin mita ɗaya ne, irin na Benin. Na Maraɗi mita 1.435 ne. Tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Duk ranar da aka yi niyyar haɗa Maraɗi da Doso ta Kwanni da Dogon Dutse, ko dai a tumɓuke ɗaya a sake, ko a koma sauke-ɗora irin na Parakou a tsakiyar ƙasarmu. 'Yan kasuwar Maraɗi da na Tawa, waɗanda su ne za su biya kuɗin wannan sauke-ɗora, ya kamata su nemi a nuna musu taswirar tashar Maraɗi tun yanzu, su duba da idonsu inda aka ware wa loko fili.