Ƙuruciya ba ta kare mace daga sankarar mama

A gidaje da dama na Katsina da Daura, idan mace mai shekara talatin da 'yan kai ta ji ƙullutu a mamanta, amsar da take fara samu daga uwa ko uwar miji ita ce ai goyo take yi, ruwan nono ne ya taru, zai baje da kansa. Sau da yawa gaskiyarsu ne, domin galibin ƙullutun da ke fito wa mata masu ƙananan shekaru ba daji ba ne. Sai dai a wurin wadda nata ya kasance daji, wannan lallashi yana cinye mata watannin da ba za ta sake samu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3, ta kuma kashe kimanin 670,000. A Amurka cutar ta fi kama matan da suka haura shekara 60, amma a Nijeriya da yawa daga cikin masu zuwa asibiti shekarunsu arba'in da wani abu ne, wasu ma ba su kai arba'in ɗin ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin ƙarin kansa. A jikin macen da ba ta kai 40 ba, ƙwayoyinsa sun fi saurin hayayyafa, ya fi yawan isa kaluluwar hammata kafin a ankara, kuma ya fi yawan zama irin wanda ba ya dogara da sinadarin jikin mata na isturojin, wato wanda ƙwayar tamoxifen mai sauƙin kuɗi ba ta yi masa komai. Wani yana ɗauke da alamar HER2, wani sinadari da ke hanzarta girman ƙari, wanda maganinsa trastuzumab ya fi ƙarfin aljihun talaka, wani kuma ba shi da ko ɗaya daga cikin alamomi uku da likitoci ke nema, sai dai a haɗa masa da tiyata da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin daji) da gashin na'ura. Wannan na ƙarshe ya fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma, kamar yadda binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ya nuna. Ƙari a kan haka, naman maman matashiya yana da kauri, hoton mama na mamogiram kan kasa nuna abin da ke ciki, shi ya sa sikanin ya fi dacewa da ita. Sankarar da ta bayyana cikin 'yan shekaru bayan haihuwa ma ta fi saurin bazuwa, mu kuwa matanmu kusan kullum tsakanin ciki da goyo suke.

Duk da haka, jinkiri ne ya fi kashe su, kuma akwai hannunmu a ciki. Har yau ana cewa daji ba ya son allura, sai a yi ta shafe-shafe da hayaƙi har ƙarin ya fashe. Ita kuma tana tsoron a cire mata mama aure ya mutu, shi ya sa nake ganin nauyin ya fi hawa kan mazaje, tunda izinin zuwa asibiti da kuɗin mota a hannunsu suke.

Buɗe cibiyar kula da masu cutar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025 ya rage wahalar tafiya asibitin Shika da ke Zariya, amma na'ura ba ta amfanar wadda ta iso a makare. Ya kamata duk asibitin da ake awon ciki da rigakafin yara ya riƙa duba maman uwa, duk ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba a tura mai shi sikanin da gwajin tsoka. Gwamnatin jiha kuma ta ɗauki nauyin gwajin da ke tantance irin ƙarin, domin idan babu shi, likita zai rubuta magani ne bisa hasashe, iyali su sayar da gona su sayi abin da ba lallai ya dace da cutar 'yarsu ba.