Tambaya ba tare da duka ba ma tana iya zama zalunci

Wani labari da na karanta ya nuna cewa dabarun juya tunanin fursuna sun fi duka sauƙi wajen tatsar bayanai, amma ina ganin ya kamata a rarrabe, domin wasu dabarun suna karya mutum kamar yadda bulala ke yi. A Amurka kotu ta yarda ɗan sanda ya yi wa wanda ake tuhuma ƙarya, ya ce an samu shaidar da babu ita, ko abokinsa ya riga ya tona masa asiri. Da irin wannan matsi aka tatso amsa laifin da ta kai yara biyar, 'yan shekara 14 zuwa 16, kurkuku kan fyaɗen da aka yi wa wata mata a birnin New York a 1989. Sai a 2002 ainihin mai laifin ya fito, gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) ya tabbatar da shi ne. Abin yana ci mini rai, domin yaron da ya galabaita zai faɗi duk abin da zai sa a ƙyale shi. Ingila kuwa tun 1992 take koya wa jami'anta su bar mutum ya ba da labarinsa a natse, sannan su gwada maganarsa da hujjojin da ke hannu.