Ganye Yana Haɗa Abincinsa, Kai Fa?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya faɗa a Suratu Faɗir, aya ta 15, cewa mu mutane mabuƙata ne gare Shi, Shi kuwa Mawadaci ne, Abin godiya. Buƙatar nan tana nan har cikin tsokar jikinmu.

Mutum da dabba da tsiro duk an gina su da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma kowace ƙwaya da kayan cikinta. Ɗauki ganyen zogale. Ƙwayarsa tana da bango mai tauri, da babbar jakar ruwa a tsakiya; shi ya sa shuka take yaushi idan ƙishi ya kama ta, ana ba ta ruwa ta miƙe. Sannan akwai wasu 'yan koraye a ciki, masana suna ce musu kuloroplas. Da hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa suke haɗa sukari, su sako mana iskar da muke shaƙa. Subhanallah!

To leƙa ƙwayar jikinka. Ba ta da bango sai fata siririya, ba ta da kuloroplas ko guda. Ko da za ka yini a rana tun hantsi har la'asar, loma ɗaya jikinka ba zai haɗa ba. Abin da aka ba ka shi ne maitokondiriya, mai ƙona abinci da iska ya fitar da ƙarfi. Murhu ne babu hatsi. Tsiro yana da duka biyun, kai ɗaya gare ka, shi ɗin ma daga wajen mahaifiyarka ka gaje shi, domin ta ɓangaren uwa yake bi. Mai ɗaga wa uwarsa murya ya san da ƙarfin wa yake yi.

Kada ka ce ai nama kake ci, ba ka buƙatar tsiro. Ragon layya da ciyawa da dusa ya yi ƙiba.

Ƙwayar bakteriya kuwa, wadda wasu irinta suke kawo cuta, ko maitokondiriyan ma ba ta da shi, amma ita ce take kwantar da ƙato da taifot har sai an riƙa tayar da shi zaune.

Abin da yake ci mini rai shi ne yadda muke yi da abinci. A wajen biki a cika faranti da shinkafa, a ci cokali uku, sauran a juye a bola, ga almajiri a ƙofa da robarsa. A raina manomi, a ce masa baƙauye, alhali da guminsa ake cin tuwon dare. Ɗan uwa, ji tsoron Allah. Ɗebi iya cikinka, ka yi bisimilla kafin ka kai hannu, abin da ya rage kuma a miƙa wa maƙwabci tun da ɗuminsa.