Evita a baranda: masu kukan kuɗin tikiti ba su gane wasan ba

Daga watan Yuni zuwa Satumban 2025, kusan kowane dare da misalin ƙarfe tara, jaruma Rachel Zegler kan fito barandar gidan wasa na Palladium da ke Landan, cikin farar riga mai jan ƙasa. Sai ta fuskanci ɗaruruwan mutanen da suka cika titin Argyll, ta rera musu “Don't Cry for Me Argentina”, waƙar da ta fi kowace shahara a Evita, wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe kan rayuwar Eva Perón ta ƙasar Ajantina, wadda Zegler ke fitowa a matsayinta. Waɗanda ke tsaye a titi ko sisi ba su biya ba. Waɗanda suka sayi tikiti kuwa, wasu har fam 250, suna zaune a ciki suna kallonta a majigi. Daga nan ƙorafi ya ɓarke, kuma har bayan an rufe wasan bai lafa ba. Wasu suka ce an yi musu kwaruwa. Wasu suka ce ai dama yarinyar ba ta kai ba, ina ita ina Patti LuPone, ina ita ina Elaine Paige, jaruman da suka taka wannan rawa a da. Wannan magana ta biyu ce ta fi ɓata mini rai, domin tana nuna cewa akwai mutanen da suka shafe shekara arba'in suna sauraren wannan waƙa ba tare da sun tsaya sun tambayi kansu wace ce ke rera ta ba, kuma me take nema a wurin masu sauraro.

Eva Perón 'yar siyasa ce. An haife ta a 1919 a ƙauyen Los Toldos, mahaifinta yana da wani iyalin a wani gari, ita da 'yan uwanta suka tashi cikin talauci da gori. Tana 'yar shekara 15 ta tafi Buenos Aires, babban birnin ƙasar, neman aikin wasan kwaikwayo, ta yi suna a rediyo, ta haɗu da Kanar Juan Perón a watan Janairun 1944 wajen taron tara gudummawa ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a San Juan. Suka yi aure a 1945, ya zama shugaban ƙasa a 1946. Ta tsaya kai da fata har mata suka samu 'yancin jefa ƙuri'a a 1947, ta kafa gidauniyar da ta gina asibitoci da makarantu, ta raba kekunan ɗinki da takalma ga marasa galihu. Masu adawa kuma suka ce kuɗin gidauniyar da tilas ake karɓarsu daga 'yan kasuwa, kuma babu mai ikon tambayar yadda aka kashe su. Ciwon daji ya kashe ta ranar 26 ga Yulin 1952 tana da shekara 33. Har gobe a Ajantina akwai masu ɗaukar ta waliyyiya, akwai masu tsine mata.

To, wannan ce matar da Tim Rice ya rubuta wa baitoci, Andrew Lloyd Webber ya sa musu kiɗa. Waƙar da ake ta hayaniya a kanta kuwa jawabin siyasa ce. Ita ce ke buɗe kashi na biyu na wasan, bayan Perón ya ci zaɓe, Eva ta fito barandar Casa Rosada, fadar shugaban ƙasa, ta fuskanci talakawa. Tana gaya musu cewa ita fa ba ta taɓa neman dukiya ko suna ba, alhali mai kallo ya kwashe kashi na farko gaba ɗaya yana ganin yadda ta taka mutane ɗaya bayan ɗaya don ta samu waɗannan abubuwa biyu. Tana gamawa, jama'a na ta kiran sunanta, sai ta juya wajen mijinta ta ce masa ya saurara, ga shi ana ƙaunarsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin rana a filin taron siyasa ya ji uwargidan wani babba tana cewa ita ma 'yar talakawa ce, ya san irin wannan jawabi. Saboda haka abin da ya kamata a auna jaruma da shi a wannan matsayi shi ne: shin ta iya sa ka yarda da ita alhali ka san akwai lissafi a bayan hawayen? Zaƙin murya da tsawon numfashi suna da muhimmanci, amma a baya suke zuwa.

Mu ɗauke su da wannan ma'auni. Julie Covington ce ta fara rera waƙoƙin a faifan 1976, kafin a kai wasan daɓe, kuma waƙarta ta kai ta ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya a farkon 1977. Muryarta fayau take, babu ado, babu nuna gwaninta, kamar mai faɗin gaskiya tsakaninta da Allah. Ta ƙi karɓar matsayin a dandamali, sai ya faɗa hannun Elaine Paige lokacin da aka buɗe wasan a gidan Prince Edward a watan Yunin 1978, ƙarƙashin umarnin Harold Prince. Paige ta kawo ɗumi. Idan ka saurari faifanta za ka ji mace mai son a so ta, wadda kwaɗayin mulkinta ya samo asali daga raunin da gori ya bar mata tun tana ƙarama. Eva ɗinta tana da wayo, amma wayon yana ɓoye a ƙarƙashin fara'a. Prince ne ya tsara hoton da kowa ya sani yau: farar riga, gashi mai ruwan zinariya an ɗaure shi a ƙeya, jerin makirufo a gabanta, hannuwa biyu a ɗage sama.

LuPone, wadda ta buɗe wasan a New York a watan Satumban 1979 tare da Mandy Patinkin, wata aba ce daban. Eva ɗinta ba ta roƙon soyayya, ƙwatarta take yi. Ku nemi hoton bidiyon da aka ɗauka a bikin Tony, kyautar wasannin dandamali ta Amurka, na 1980, shekarar da ta lashe kyautar. Ku dubi yadda take cizon kalmomi, haɓa a ɗage, idanu a zare, murya tana fita da ƙarfin da za ka ɗauka maƙogwaron zai tsage. Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa ba ta taɓa shan wahala a aiki irin ta wannan wasa ba, saboda an ɗora waƙoƙin a inda muryar mace ke galabaita. Wannan galabaitar ta shiga cikin wasan nata, ta zama fushin macen da manyan gari suka raina. Ina girmama wannan aiki ƙwarai. Amma akwai abin da masoyanta ba sa son a faɗa: idan Eva ta fito da faratanta a fili tun daga farko, da wuya mai kallo ya gane dalilin da ya sa miliyoyin talakawa suka yi mata kuka ranar da ta mutu. A wasan LuPone tsoron Eva na ji, kuma tsoro kaɗai bai isa ya bayyana wannan kukan ba.

Madonna kuwa, a fim ɗin Alan Parker na 1996, ta karkata ɗaya ɓangaren har ta wuce gona da iri. An sassauto mata da waƙoƙin daidai muryarta, wannan ba laifi ba ne, fim ba dandamali ba ne, kyamara tana kusa da fuska. Laifin shi ne an wanke Eva tas. Akwai wata waƙa mai ban tausayi da a asalin wasan yarinyar da Perón ke ajiye da ita ce ke rerawa, bayan Eva ta kore ta daga gidan da akwatinta a hannu. A fim sai aka karɓe waƙar aka ba Madonna, mai korar ta koma abar tausayi. Aka kuma ƙara mata sabuwar waƙa ta jinya wadda ta ci kyautar Oscar. Ta samu izinin Shugaba Carlos Menem ta hau barandar Casa Rosada ta ainihi, ta sauya tufafi sau 85, ta ci kyautar Golden Globe. Duk da haka abin da ya rage a idona mace ce kyakkyawa mai rashin lafiya, 'yar siyasar ta ɓace. Abin takaicin shi ne mafi yawan mutanen duniya ta wannan fim suka san labarin, shi ya sa suke ɗaukar waƙar baranda tamkar waƙar rarrashi.

Wadda aka fi zalunta a wannan muhawara ita ce Elena Roger. 'Yar Buenos Aires ce, ta taka rawar a Landan a 2006 ƙarƙashin Michael Grandage, sannan a New York a 2012 tare da Ricky Martin. Ƙaramar mace ce, siririya, mai rawar tango kamar da ita aka haife ta, Turancinta kuma da karin harshen garinsu yake fita. A Landan an yaba mata. A New York sai aka yi ta gunagunin cewa muryarta ba ta da kauri, wai ba a jin wasu kalmominta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma gidan Eva ke nan. Eva ta gaskiya, kamar yadda ake jin ta a tsofaffin faifan jawabanta, murya ce mai kaifi, mai karcewa, ta 'yar ƙauyen da ta koyi magana da taro a rediyo. Roger ce kaɗai a cikinsu ta sa na ji yunwar yarinyar da ta sauka a babban birni ba ta san kowa ba. An auna ta da muryar LuPone, aka ce ta gaza, alhali ba abin da ta zo yi ke nan ba.

Wannan shi ne ciwon. Sabo turken wawa, in ji Hausawa. Mutum ya fara jin waƙa a bakin wata yana saurayi, shi ke nan ya kulle zuciyarsa, duk wadda ta zo daga baya mai kwaikwayo ce da ta kasa. Mu ma nan mun ga irinsa lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya. Tun kafin a ga fitowarta ta farko wasu sun riga sun yanke hukunci. Matsayi a wasan kwaikwayo ba gadon gidan kowa ba ne. Da an tsaya a kan ta farko, da LuPone ɗin da suke rantsuwa da ita ba ta samu shiga ba, tunda Paige ta riga ta.

Mu koma kan Zegler. Shekararta 24 a lokacin, shekarun da Eva ke da su sa'ad da ta haɗu da Perón. Murya tana da ita, wanda ya ga yadda ta fito a matsayin Maria a West Side Story, fim ɗin Steven Spielberg na 2021, ba zai yi musu ba. Amma abin da mai ba da umarni Jamie Lloyd ya yi da ita ya fi batun murya. Ya mayar da jawabin wurin waɗanda aka yi shi dominsu. Masu wucewa, 'yan yawon buɗe ido, ma'aikatan da suka tashi daga aiki, ɗaliban da ba su da kuɗin tikiti, su ne suka zama talakawan Eva, suka ɗaga wayoyi suna ihu. Masu hali kuma suna ciki a kan kujeru masu laushi, suna kallon yadda mace ɗaya ke juya taro, kyamara tana nuna musu fuskarta dab da dab, suna ganin inda murmushin ya fara da inda ya tsaya. Haushin da suka ji na cewa an tsallake su an tafi wurin 'yan titi, shi ne ainihin haushin da attajiran Buenos Aires suka ji a 1946. An ba su damar su ɗanɗana shi da kansu na 'yan mintuna, sai suka tashi suna lissafin fam nawa suka yi asara. Masu cewa sun biya ne don su ga mutum da idonsu, ai sun gan ta a gabansu tsawon sauran wasan.

Ba na cewa komai na wannan shiri daidai ne. Tufafin da aka sa mata a mafi yawan wasan ba su rufe jiki ba, kuma ban ga abin da hakan ya ƙara wa labarin macen da ta yi amfani da sutura ta alfarma a matsayin makamin siyasa ba. An kuma cika kiɗa da rawa har labarin yakan nutse, wanda bai san tarihin Ajantina ba zai iya fita bai gane yadda Perón ya hau mulki ba. Waɗannan su ne abubuwan da ya dace a yi gardama a kansu. Maimakon haka sai aka ɓata lokaci ana jera sunaye daga ta ɗaya zuwa ta biyar kamar teburin gasar ƙwallo.

Sannan akwai rashin adalci a cikin kwatancen kansa. Mafi yawan masu rantsuwa da Paige ko LuPone a yau ba su zauna a gidan wasa a 1978 ko 1979 ba. Faifai suka sani, wanda aka ɗauka a ɗakin naɗar sauti inda ake maimaita baiti har sai ya yi, da 'yan guntayen bidiyo. Da wannan suke auna yarinyar da ke rera waƙa kai tsaye a sararin titi, ga iska, ga ƙarar motoci, ga jiniya. Masu sharhi su daina tambayar wa ta fi wa, su riƙa gaya mana wace Eva kowace jaruma ta gani, da abin da ta bari a baya. Masu shirya irin waɗannan wasanni kuma su riƙa ɗaukar su cikakku a bidiyo suna fitarwa, domin wanda ke Kano ko Damagaram ko Buenos Aires ya kalli aikin daga farko zuwa ƙarshe kafin ya yanke wa jaruma hukunci.