Majalisar Wakilan Arewa ta 1947 ba zaɓaɓɓiya ba ce

Mutane da dama sun ɗauka cewa tun da aka buɗe Majalisar Wakilan Jihar Arewa a Kaduna, talakawa ne suka zaɓi 'ya'yanta, Sardauna kuma ke shugabantarta. Ba haka abin yake ba.

Tsarin mulkin Gwamna Richards ne ya kafa ta, ta fara zama a 1947. Babu wanda ya shige ta da ƙuri'ar jama'a. Kusan rabin kujerun na Turawan mulki ne, su Razdan-Razdan da shugabannin ma'aikatu. Sauran, yawancinsu En'e-En'e ne suka turo daga cikin ma'aikatansu, 'yan kaɗan Gwamna ya naɗa. Bature ne ke shugabancin zaman. Majalisar Sarakuna daban take.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne ba ta da ikon yin doka. Shawara take bayarwa, ta duba kasafin kuɗi, ta tura wakilai Legas. Duk da haka ban yarda a raina ta ba, domin a cikinta ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wakilin Bauchi, ya miƙe a 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e, maganar da ba kowa ke iya yi ba a lokacin.

Ahmadu Bello sai 1949 ya shigo. Ikon yin doka ya zo da tsarin mulkin Gwamna Macpherson na 1951, kuma Sardauna ya zama Firimiya a 1954, wato shugaban gwamnati, ba na majalisa ba.