Bakano, Bazazzagi da Lakar Bahar Maliya

A wani shagon shayi a Jidda, bayan sallar isha'i, Alhaji Bakano mai sayar da dabino da darduma ya tarar da Dakta Bazazzagi ya baje takardu yana ta murmushi shi kaɗai.

Bakano: Bawana, me aka samu ne, ko an ƙara muku alawus?

Bazazzagi: Alhaji, lakar da muka ɗebo daga ƙasan Bahar Maliya ce ta yi magana. Na gano cewa dalma da tutiya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, duk inda ɗaya ta hau sai ɗayar ta bi ta, wanda ke nuna tushensu ɗaya ne.

Bakano: Da ka auna su, haka ka same su?

Bazazzagi: A'a, da farko kowacce harkar gabanta take yi. Sai da na raba kowacce da yawan alminiyom ɗin da ke cikin samfurin, kamar yadda aka saba, domin laka mai laushi ta fi yashi riƙe ƙarafa, alminiyom kuwa shi ne ma'aunin yawan yumɓu.

Bakano: Wato kai ka ɗaura musu aure, sannan kake mamakin ganinsu a ɗaki ɗaya! Ni ma duk ranar da naira ta faɗi, idan na mayar da riyal zuwa kuɗin gida, dabino da darduma tare suke tashi a littafina, amma ban taɓa cewa bishiya ɗaya ce ta haife su ba.

Bazazzagi: (ya gyara tabarau) Abin takaici, akwai wani Bature masanin ƙididdiga, Karl Pearson, da ya yi wannan gargaɗin a 1897, cewa lambobi biyu da babu abin da ya haɗa su za su nuna dangantakar bogi muddin aka raba su da abu guda mai hawa da sauka.

Bakano: Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 ke nan, amma har yau saƙon bai iso Zariya ba. To wannan jan layin da ka rubuta "gurɓacewa ninki huɗu" fa?

Bazazzagi: Ana kwatantawa ne da matsakaicin dutsen yumɓu na duniya wanda wasu masana biyu, Turekian da Wedepohl, suka fitar a 1961, inda alminiyom yake kashi 8 cikin ɗari, dalma kuma kashi 20 cikin miliyan. Mu ɗauka samfurina yana da dalma kashi 10 cikin miliyan, alminiyom kuma kashi 1 kacal, saboda ƙasan tekun nan garin murjani da ɓawon katantanwa ne suka cika ta. Goma a raba da ɗaya, ashirin a raba da takwas, sai ka ga na farkon ya ninka na biyun sau huɗu.

Bakano: Dalmarka rabin ta duniya ce, amma za ka kai wa hukuma rahoto cewa teku ya ƙazantu. Dakta, iƙamarka ta gundure ka ne?

Bazazzagi: Akwai mafita. Sai in tono tsohuwar laka daga can ƙasa, wadda ta kwanta tun kafin a gina masana'antu, in zana layin dalma a kan alminiyom na wannan yankin kansa, in duba samfuran da suka tsallake layin. Kuma tunda komai na cikin samfurin dole ya taru ya ba da ɗari bisa ɗari, ƙaruwar allin da ke cikin murjani da ɓawon katantanwa kaɗai tana danne sauran, shi ya sa wani masanin ƙididdiga, John Aitchison, ya kawo dabarar aiki da wani salon lissafi da ake kira logaridim a 1982.

Bakano: Madalla. Kafin ka tafi tonon, akwai riyal 200 da nake bin ka tun azumi, kuma na daidaita bashin da alminiyom ɗin Bahar Maliya, ya koma 1,600.

Bazazzagi: Haba Alhaji, ai wannan lissafin ba shi da tushe a ilimi!

Bakano: Ɗazu da yake a kan teku ai digiri za a ba ka da shi. Mai shayi, ƙaro madara, Dakta ne zai biya.