Ba sunan Keshi ne ya ci wa Najeriya kofin 2013 ba

Duk lokacin da kujerar kocin Super Eagles ta zama babu kowa, sai a ji ana cewa a ɗauko tsohon ɗan wasa, ai Stephen Keshi ma haka ya yi. Masu wannan magana sun riƙe sunan mutumin, sun bar hanyar da ya bi. Kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin nahiyar Afirka a Tunisiya a 1994 bai sake ɗaga shi a matsayin koci ba sai a 2013, kuma a shekaru 19 ɗin da ke tsakani ne ya koyi sana'ar.

Ya yi wa Shuaibu Amodu mataimaki, suka samar wa Najeriya gurbi a gasar kofin duniya ta 2002, aka sallame su kafin a tafi. Ya kai Togo gasar kofin duniya ta 2006, karonta na farko, nan ma aka kore shi bayan saɓani da Emmanuel Adebayor da rashin kataɓus a kofin Afirka na Masar, Otto Pfister ya kai tawagar Togo gasar a Jamus. Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa 2010. Wanda ya sha irin wannan gwagwarmaya ya san yadda ake zama da hukuma, ya kuma san illar barin tauraro ɗaya ya fi ƙarfin koci.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya warware babbar matsalar kocin ƙasa, wato ƙarancin lokaci. 'Yan wasan da ke Turai kwanaki kaɗan kulob ke sakinsu, kuma a 'yan kwanakin nan ba a gina tsarin tsaron baya. Da Keshi ya karɓi aiki a Nuwamban 2011, sai ya tara 'yan wasan lig ɗin gida a sansani na makonni, yana tacewa, yana gwada su a wasannin sada zumunta. Daga nan Godfrey Oboabona na Sunshine Stars da Sunday Mba suka fito. Ya bar Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya sha suka, bai janye ba.

A Afirka ta Kudu, inda aka buga kofin Afirka na 2013, farawar ba ta yi armashi ba: kunnen doki 1-1 da Burkina Faso, 1-1 da Zambiya, sannan fenareti biyu na Victor Moses suka fitar da mu daga hannun Habasha. A nan aikin koci ya bayyana. Ya zaunar da kyaftin Joseph Yobo a benci, shi da ya san nauyin kambun kyaftin fiye da kowa, ya haɗa Oboabona da matashi Kenneth Omeruo a tsakiyar baya. Ya sa Ogenyi Onazi kusa da Mikel Obi don ya riƙa ƙwato ƙwallo, Mikel ya samu sararin rarrabawa, Mba kuma ya riƙa kutsawa gaba. Da wannan tsari aka doke Kwaddebuwa ta su Drogba da Yaya Toure 2-1, aka lallasa Mali 4-1, Mba ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso. Kafin Keshi, Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ne ya taɓa cin kofin a matsayin ɗan wasa da kuma koci.

Tsarin yana da rauninsa, kuma Faransa ta bankaɗo shi a gasar kofin duniya ta Brazil a 2014. Da Onazi ya ji rauni aka fitar da shi, babu wanda ya iya maye gurbinsa, tsakiya ta buɗe, aka zura mana biyu a ƙarshen wasa. Kocin da ya gina tawaga a kan mutum goma sha ɗaya da ya amince da su dole ya tanadi na biyu a kowane gurbi, Keshi kuwa bai yi hakan a tsakiya ba. Wannan laifinsa ne.

Sauran kuma na hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ne. An riƙe masa albashi na watanni, 'yan wasa sun ƙaurace wa atisaye kan kuɗin alawus gab da wasan Faransa, sannan ya shiga wasannin neman gurbin kofin Afirka na 2015 ba tare da kwantiragi ba. Kongo ta ci mu 3-2 a Kalaba, Sudan ta ci mu a Khartoum, aka sallame shi a Oktoban 2014, aka dawo da shi bayan mako biyu, gurbin ya suɓuce. A Yulin 2015 aka raba gari, ya rasu a Yunin 2016 yana da shekara 54.

Don haka idan NFF za ta ɗauki tsohon ɗan wasa, ta fara tambayarsa lasisin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, da yake riƙe da shi, da ƙungiyoyin da ya horar kakar wasa cikakkiya, da wanda ya yi wa mataimaki. Ita kuma ta rubuta masa kwantiragi, ta biya shi a kan kari, ta ware kuɗin sansanin 'yan wasan gida tun kafin ya kama aiki.